Daga kallo zuwa ceto: tarihin ƙungiyoyin masoya jirgin ƙasa a Birtaniya da Faransa (1899-1990)

0. Gabatarwa

A ƙasashen Turai akwai wasu mutane waɗanda ba ma'aikatan jirgin ƙasa ba ne, ba su kuma da kaya cikinsa, amma sun ba da lokacinsu da kuɗinsu ga sha'aninsa. Suna zuwa tasha domin kallonsa, suna rubuta lambobinsa, suna ɗaukar hotonsa, suna harhaɗa ƙananan irinsa cikin gidajensu, wasu ma har su haɗa kuɗi su sayi tsohon jirgi su gyara. Ga mai karatu na Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, inda jirgin ƙasa bai taɓa kai da kawo ba, abin zai iya kama da wasan waɗanda suka ƙoshi. Amma a ganinmu batun ya cancanci bincike, sabili da kaso mai yawa na abin da aka sani yau game da jirgi mai tururi, da kaso mai yawa na abin da ya tsira daga cikinsa, waɗannan mutane ne suka tattara shi, a lokacin da hukumomin da ke da alhakin abin suke sayar da shi bisa sikeli. Yadda suka yi tattarawar kuma shi ya yanke abin da ake tunawa da abin da aka manta.

Za mu bi wannan tarihi a ƙasashe biyu, Birtaniya inda abin ya fi ƙarfi, da Faransa wadda takardunta suka fi kusa da mu. Za mu fara da batun suna, sa'annan mu duba matakai uku da ƙungiyoyin suka taka: kallo, rubutawa, da ceto. Daga ƙarshe za mu auna iyakar aikinsu.

1. Batun suna

Hausa ba ta da kalma ɗaya tsayayya ta wannan al'ada, don haka ya kamata mu daidaita tun farko. Faransanci na cewa «amateur», kalmar da ta samo asali daga aikatau na Latin mai ma'anar so. Tana ɗauke da ma'ana biyu: mai son abu, da wanda ke yin abu alhali ba sana'arsa ba ce. Tarihin da za mu bi yana tafiya tsakanin ma'anonin nan biyu, domin za mu ga yadda masu so suka wayi gari suna tuƙa jirgi da gyaran dogo, aikin da a da sai mai albashi. Akwai kuma «ferrovipathe», wadda aka gina da ɗafa-ƙeyar «-pathe» da ake samu cikin sunayen masu ciwo. Masu abin da kansu suke kiran juna da ita cikin raha. A Ingilishi, tun daga shekarun 1980, ana yi masu ba'a da «anorak», wato sunan rigar sanyin da suke sawa in sun tsaya bakin tasha, har kalmar ta koma sunan duk mai naci bisa ƙananan bayanai.

Hausa na da irin wannan salo cikin kalmar «maye», kamar yadda ake cewa mayen shayi ko mayen ƙwallo. «Mayen jirgi» zai zauna daidai a baki, sai dai yana da ƙanshin zolaya, «mayen ƙarfe» kuwa tuni harshe ya ba da shi ga abin nan mai jan ƙusa da allura. Saboda haka muka zaɓi «masoya jirgin ƙasa». Za mu ce «kan jirgi» ga injin da ke ja, «tarago» ga abin da ake ja, «dogo» ga hanyar ƙarfe, kamar yadda Hausar Kano da Zariya ta saba.

2. Ƙungiyoyin farko (1899-1939)

Kallon jirgi ya girmi ƙungiyoyi. Ranar 27 ga Satumba 1825, da aka buɗe dogon Stockton zuwa Darlington a arewacin Ingila, jama'a sun yi cincirindo bakin hanya. Gidan tarihin jirgin ƙasa na York yana riƙe da labarin wata yarinya ƴar shekara 14, Fanny Johnson, wadda a 1861 take rubuta sunayen kawunan jirgin da ke wucewa kusa da gidansu a yammacin Landan. Abin da babu a lokacin shi ne wurin da irin waɗannan mutane za su san juna. Mujallar Railway Magazine, wadda ta fara fita a 1897, ita ta ba su wannan wuri. Shekara biyu bayan haka, a 1899, aka kafa Railway Club a Landan. A 1909 wasu daga cikin membobinta, da suke ganin ba a ba kan jirgi haƙƙinsa cikin zaman ƙungiyar, suka ware suka kafa Stephenson Locomotive Society. A 1910 masu harhaɗa ƙananan jirage suka yi tasu, Model Railway Club, sa'annan a 1928 aka kafa Railway Correspondence and Travel Society a Cheltenham.

Dalilai uku suka taimaka. Na farko, yawan kamfanoni: kafin 1923 Birtaniya na da kamfanin jirgi wajen 120, manyansu kowane da launinsa da ƙirar injinsa, da yawa kuma suna raɗa wa kawunan jirgi sunaye kamar dawaki. Inda akwai bambanci, nan ake samun abin kwatantawa. Na biyu, na'urar ɗaukar hoto ta yi araha daga 1900. Na uku, ma'aikatan ofis da malaman makaranta sun samu hutun yammacin Asabar da ɗan rarar kuɗi. Ƙungiyoyin farko na irin waɗannan mutane ne, maza masu ilimi da rufin asiri: akawu, malami, likita, limamin coci. Aikinsu shi ne sauraron lacca, ziyarar masana'anta da izinin kamfani, da tara littattafai.

A 1923 doka ta haɗe kamfanonin suka koma huɗu. Launuka suka fara ɓacewa, aka shiga yanka tsofaffin injuna. Nan ne aka ga alamar farko ta abin da zai biyo baya: a 1927 Stephenson Locomotive Society ta tara kuɗi ta sayi wani kan jirgi mai suna Gladstone, ƙirar 1882, ta mai da masa launinsa na asali, aka aje shi a York. Ana lissafa shi a matsayin kan jirgi na farko da wata ƙungiya mai zaman kanta ta ceta a Birtaniya.

A Faransa an kafa Association française des amis des chemins de fer, wato AFAC, a 1929, ta kuma samu mazauni cikin tashar Gare de l'Est ta Paris. Mujallar Loco-Revue ta masu ƙananan jirage ta fito a 1937. A Amurka ma an kafa Railway and Locomotive Historical Society a 1921 da National Railway Historical Society a 1935. Abin lura shi ne duka sun taso ne a daidai lokacin da mota ta fara cin kasuwar jirgi.

3. Zamanin yara masu rubuta lamba (1942-1968)

Mataki na biyu ya fito daga wani ƙaramin ofis. Ian Allan, saurayi ɗan shekara 20, yana aiki a tashar Waterloo ta Landan cikin sashen hulɗa da jama'a na kamfanin Southern Railway. Ya rasa ƙafa ɗaya tun yana ɗan shekara 15, don haka bai tafi yaƙi ba. Cikin aikinsa akwai amsa wasiƙun mutanen da ke tambayar lambobi da ƙirar kawunan jirgi. Da ya ga tambayoyin iri ɗaya ne, sai ya tattara amsoshin cikin wani ɗan littafi na aljihu, ABC of Southern Locomotives, ya buga kofi dubu 2 da kuɗinsa a ƙarshen 1942, yana sayarwa sule ɗaya. Nan da nan suka ƙare. Ya bi sauran kamfanonin uku da irinsa.

Littafin jerin lambobi ne kawai, an kasa su aji-aji. Amma ya canza al'adar baki ɗaya, domin ya ba kallo iyaka da ma'auni. Yaro na iya sanin adadin injunan da ke cikin aji, ya ja layi ƙarƙashin wanda ya gani, ya san saura nawa. Abin da ake bukata bai wuce fensir, da ɗan littafi, da tikitin shiga dandamalin tasha na kobo ɗaya ba. Ta haka al'adar ta fita daga zauren masu lacca ta faɗa hannun ƴaƴan ma'aikata, a zamanin da kayan wasa suka yi wuya saboda yaƙi.

Yawan yaran ya zo da matsala. A 1944 aka gurfanar da wasu a kotu bisa shiga dogo a Tamworth, inda suke aza kuɗin ƙarfe bisa hanya domin jirgi ya taka. Ian Allan ya amsa da kafa Locospotters Club, wadda ba a shiga sai an sa hannu bisa alkawarin kiyaye dokar dogo. Cikin shekarun 1950 membobinta sun haura dubu 200. A 1948, da gwamnati ta karɓe kamfanonin huɗu ta yi British Railways, ta gaji kan jirgi mai tururi wajen dubu 20, aka sake wa mafi yawansu lamba, aikin masu rubutu ya koma sabo.

Mai bincike zai iya raina wannan aiki, amma ya kamata a dubi abin da ya haifar. Railway Correspondence and Travel Society tana da mujallar wata-wata, Railway Observer, inda membobi daga kowane gari suke aiko da abin da suka gani: wane inji, a ina, yaushe, yana jan me. Da waɗannan rahotanni, haɗe da takardun kamfani, ƙungiyar ta rubuta tarihin kawunan jirgin kamfanin LNER ɗaya bayan ɗaya, cikin juzu'i 19, aikin da ya ɗauki wajen shekara 30 daga 1963. Babu jami'ar da ta yi irinsa. Takardar ofis tana faɗin inda ya kamata inji ya kasance. Littafin mai kallo yana faɗin inda aka gan shi. Duk wanda ya taɓa kwatanta nahawun da aka rubuta da maganar da ake ji a kasuwa ya san darajar shaida ta biyu. Haka nan hotuna: Eric Treacy, wanda ya zama bishop na Wakefield, ya bar dubban hotunan jirgi da ke York yau.

Ƙarshen wannan zamani ya zo da sauri. Shirin zamanantarwa na 1955 ya yanke hukuncin maye tururi da gazuwal da lantarki. An ƙera kan jirgi mai tururi na ƙarshe, Evening Star, a Swindon a 1960, aka aje shi a 1965, bayan shekara biyar kacal yana aiki. Rahoton Beeching na Maris 1963 ya ba da shawarar rufe tasha dubu 2 da 363 da dogo wajen kilomita dubu 8. Ranar 11 ga Agusta 1968 jirgin fasinja mai tururi na ƙarshe na British Railways ya tashi daga Liverpool zuwa Carlisle ya dawo, dubban mutane na tsaye bisa gadoji da gangaren hanya. Daga nan masu rubuta lamba suka kasu: wasu suka bari, wasu suka koma bin sababbin injuna, wasu kuwa suka shiga aikin da aka riga aka fara a wani ƙauyen Wales.

4. Daga kallo zuwa ceto

4.1. Talyllyn

Dogon Talyllyn ɗan ƙarami ne, bai kai kilomita 12 ba, faɗinsa tsakanin ƙarfe da ƙarfe milimita 686. An gina shi a 1865-1866 domin sauko da dutsen allo, wanda ake rufin ɗaki da shi, daga mahaƙar Bryn Eglwys zuwa garin Tywyn na bakin teku. Kawunan jirginsa biyu ne tun farko, Talyllyn da Dolgoch, kuma su ne dai suke nan bayan shekara 80. Mahaƙar ta rufe a 1946. Da aka mai da dogo hannun gwamnati a 1948, ba a sa wannan cikin lissafi ba. Mai shi, Sir Henry Haydn Jones, ya ce jirgin ba zai tsaya ba muddin yana da rai, ya kuma cika maganarsa duk da asarar da yake yi. Ya rasu a Yulin 1950.

Wani injiniya marubuci, Tom Rolt, wanda ya riga ya shiga gwagwarmayar ceton tsofaffin hanyoyin ruwa na Ingila, ya kira taro a Birmingham ranar 11 ga Oktoba 1950. Nan aka kafa Talyllyn Railway Preservation Society. Shawarar da aka yanke sabuwa ce: membobi su biya kuɗin shekara, su kuma ba da ranakun hutunsu su yi aikin da hannunsu. Matar marigayin ta miƙa masu kamfanin a farkon 1951, kuma ranar 14 ga Mayu 1951 jirgin farko ya tashi ƙarƙashin ƙungiyar. Wannan shi ne dogon fasinja na farko a duniya da ƴan sa kai suka karɓa suka tafiyar.

Bai kamata a ɗauka abin ya zo da sauƙi ba. Katakon da ke ƙarƙashin ƙarfe ya ruɓe, a wurare da dama ciyawa da ƙasa ke riƙe da hanyar. Dolgoch kaɗai ke iya tashi. Sai da suka sayo injuna biyu na maƙwabcin dogon Corris, wanda aka rufe a 1948 kuma faɗinsu ɗaya. Akawu da malamin makaranta suka koyi jefa gawayi cikin wuta da ɗaure ƙarfe daga tsofaffin ma'aikatan wurin, masu magana da harshen Wales, waɗanda ba kullum suke ganin baƙin da daraja ba. Da tsohuwar zuma ake magani: in da ba a tarar da waɗannan tsofaffi da rai ba, da ƙarfen ya tsira, sanin sarrafa shi ya tafi. Wannan shi ne babban bambancin dogo mai aiki da gidan tarihi. Injin da ke aje yana nuna siffa; injin da ke tafiya yana tilasta a riƙe sana'o'in da ke kewaye da shi, da kalmominsu.

Misalin ya bazu. Ffestiniog ya sake buɗewa a 1955. A 1960 ɗaliban jami'ar Leeds suka karɓi dogon Middleton, a shekarar kuma aka buɗe Bluebell a kudancin Ingila, mai cikakken faɗi irin na manyan hanyoyi. Rufe-rufen da suka biyo bayan rahoton Beeching sun sa ƙananan hanyoyi da tasoshi sun samu da araha. Yau Birtaniya na da irin waɗannan hanyoyi sama da 100, a 2021 kuma UNESCO ta sa yankin dutsen allo na arewa maso yammacin Wales, har da Talyllyn, cikin jerin kayan gadon duniya.

4.2. Barry

Dogo ba ya aiki sai da kan jirgi, British Railways kuwa ta sayar da nata ga masu yanka tsofaffin ƙarafa, mafi yawansu suka narke cikin watanni. Wuri ɗaya ya saɓa. Dai Woodham, mai irin wannan sana'a a tashar jiragen ruwa ta Barry a kudancin Wales, ya sayi kan jirgi 297 daga 1959 zuwa 1968. Ya kuma sayi dubban taragun kaya. Da yake tarago ya fi sauƙin yankawa kuma ya fi saurin mai da kuɗi, sai ya sa ma'aikatansa bisa taragu, ya jera injunan gefe har ranar da aiki zai yi ƙaranci. Lissafin ɗan kasuwa ne, shi da kansa bai taɓa cewa ƙauna ce ba.

Injunan suka zauna shekaru suna tsatsa cikin iskar teku. A Satumban 1968 wata ƙungiya ta sayi na farko ta kai shi dogon Keighley and Worth Valley. Daga nan ƙungiyoyi suka riƙa zuwa, kowace ta zaɓi nata, ta rubuta bisa jikinsa da fenti cewa an kama, ta koma tara kuɗi ta hanyar sayar da hotuna da karo-karo. Na ƙarshe ya fita a 1990. Jimla 213 suka tsira. Gyaran guda ɗaya kan ci shekara goma ko ashirin, akwai ma waɗanda har yau ba su hura wuta ba.

5. Hanyar Faransa

A Faransa an yi asara iri ɗaya, amma amsar ta ɗan bambanta. Bayan kafa SNCF ranar 1 ga Janairu 1938, an rufe wa fasinja dogo kusan kilomita dubu 10 cikin shekara biyu. Ƙananan hanyoyin jihohi, waɗanda suka kai wajen kilomita dubu 20 cikin shekarun 1920, suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Domin su aka kafa Fédération des amis des chemins de fer secondaires a 1957. Dokar 1901 ta ƙungiyoyi ta sauƙaƙa wa kowane gungu ya samu matsayi a gaban hukuma.

A Pithiviers, dogo mai faɗin santimita 60 da ke jigilar gwozar sukari ya tsaya a ƙarshen 1964. A 1966 masoya jirgi suka sake buɗe ƴan kilomitoci daga cikinsa tare da gidan tarihi. Dogon Vivarais a Ardèche ya rufe a 1968, aka ceto kilomita 33 tsakanin Tournon da Lamastre daga 1969. Na Baie de Somme ya biyo baya a farkon shekarun 1970. Game da manyan injuna kuwa, SNCF da kanta ta ware wasu ta tara a Chalon-sur-Saône. AFAC ta yi ta kiran a yi masu gida, wani ɗan masana'antar saƙa na Mulhouse, Jean-Mathis Horrenberger, ya ɗauki maganar, aka buɗe gidan tarihin a 1971, wanda ake kira Cité du Train tun 2005. Daga shekarun 1980 ma'aikatar al'adu ta shiga sa kawunan jirgi cikin jerin «monuments historiques».

Ke nan a Faransa ƙungiya ke tayar da magana, hukuma ta tallafa. A Birtaniya ƙungiya ta fi dogara ga aljihun membobi da kuɗin baƙi. Kowace hanya na da rauninta. Vivarais ya tsaya a 2008 saboda tsufan kaya da rashin kuɗi, bai sake tashi ba sai 2013, da hannun hukumomin yankin da sabon mai gudanarwa. Ceto ba a yin sa sau ɗaya a huta.

6. Abin da aka adana da abin da aka manta

Duk tarin da so ya tara yana da son kai cikinsa, kuma wajibin mai bincike ne ya san inda ya karkata. Muna ganin karkata uku.

Ta farko ta sa'a ce. Barry na yammacin ƙasa, don haka injunan da suka je can na yamma da kudu da tsakiya ne. Daga na kamfanin LNER na gabas guda ɗaya tak ya shiga. Wanda ya zagaya hanyoyin Birtaniya yau zai ɗauka wasu azuzuwa sun fi yawa a da, alhali wurin yankan su ne ya bambanta. Ajin A1 na Peppercorn, guda 49, babu wanda ya tsira, har wata ƙungiya da aka kafa a 1990 ta ƙera sabo fil, Tornado, wanda ya fara tafiya a 2008.

Ta biyu ta ido ce. An fi ceton injin fasinja mai suna da launi bisa taragon gawayi, alhali kaya ne ke ciyar da dogo. An fi ɗaukar hoto da rana, lokacin hutu.

Ta uku ita ce mafi nauyi: an rubuta tarihin kowane inji, ba a rubuta na mutanen da ke kewaye da shi da irin wannan naci ba, wato masu share toka da dare, da mata masu wankin taragu, da leburorin da suka haƙa ramukan duwatsu. Wannan giɓi ya fi bayyana in aka juyo Afirka. Da aka rufe dogon Saliyo a 1974, ƙungiyar Welshpool and Llanfair ta Wales, mai faɗi iri ɗaya, ta sayi kan jirgi ɗaya da taragu huɗu a 1975. Sauran kayan sun zauna cikin ma'aikatar Cline Town ta Firitawun har aka buɗe gidan tarihi a 2005. A Legas ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara gidan Jaekel a Ebute Metta ta mai da shi gidan tarihin dogo. Aiki ne mai kyau. Amma dogo a Afirka yana da wani tarihin da lambar inji ba ta faɗi: na Kwango-Océan, 1921 zuwa 1934, inda aƙalla mutum dubu 17 suka mutu cikin aikin tilas, na Baro zuwa Kano, 1907 zuwa 1911, wanda aka gina da leburorin da aka ɗora wa sarakuna kawowa, na yajin aikin Dakar-Nijar, daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948, wanda Sembène Ousmane ya gina littafinsa na 1960 bisa kansa.

7. Kammalawa

Mun ga yadda al'adar ta tashi daga zauren lacca na 1899, ta bi ta littafin aljihu na 1942, ta kai ga dogon Talyllyn da filin Barry. A kowane mataki, abin da ya motsa mutane shi ne ganin abu na shirin ɓacewa, kuma waɗanda suka yi nasara su ne waɗanda suka fara rubutu tun abin na da rai.

Nijar ba ta da irin waɗannan ƙungiyoyi, amma tana da tarihin dogo, ko da yake mafi yawansa a wajen iyakarta yake. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta bi ta Kano, inda dogo ya iso a 1911, da Ƙauran Namoda (1929), da Nguru (1930). Daga 1959 ƙasar ta zama mai rabo cikin dogon Kwatano zuwa Paraku ta hanyar OCDN, wadda ta koma OCBN, alhali ko taƙi ɗaya na hanyar bai shigo ƙasarta ba. Dogon Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, an shimfiɗa shi tsakanin 2014 da 2016 amma bai shiga jigilar yau da kullum ba. A 2021 aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi. Direbobi da ƴan kamasho da fataken da suka yi zirga-zirga tsakanin waɗannan tasoshi da garuruwanmu, sauransu kaɗan ne, kuma tare da su kalmomin sana'ar za su tafi, na aro irin «reluwe» da na gida irin «dogo». Darasin masoya jirgi ga sashenmu biyu ne: a fara tattarawa tun masu abin na nan, ko da da fensir da ɗan littafi ne, sa'annan a cike giɓin da suka bari, a rubuta sunan mutum da maganarsa kusa da lambar inji. Muna ba ɗalibai masu neman batun kundi shawarar su duba wannan fage.